Fage a Matsayin Shaida: Nazari a kan Ayyukan Rolf Zehetbauer, Maginin Fim na Jamus

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya san ɗaki yana magana. Kafin a gama gaisawa, kafin a kawo ruwa, mata 'yan ganin ɗaki sun riga sun karanta jeren da ke bango. Sun san ƙarfin uban yarinya, sun san ko uwarta ta daɗe tana tari, sun kuma gane abin da aka aro a maƙwabta domin a rufa asiri. Ba wanda ya faɗa musu ko kalma ɗaya. Wannan karatu na ɗaki, wanda Bahaushiya take ƙwarewa a kansa tun tana yarinya, shi ne muka ga har yanzu bai shiga cikin nazarin fim da muke yi da Hausa ba. Galibin abin da ake rubutawa a kan finafinanmu ya tsaya ne a kan jigo da zubi da waƙa da tarbiyya. Wurin da aka ajiye 'yan wasa kuwa, watau bango da ƙofa da kujera da fitila, sai a wuce shi kamar daga sama ya faɗo.

A wannan takarda za mu ɗauki mutum ɗaya wanda ya ƙare rayuwarsa a kan wannan sana'a, mu bi sawun ayyukansa, mu auna su. Mutumin shi ne Rolf Zehetbauer, Bajamushe, wanda aka haifa a birnin Munik a 1929, ya rasu a watan Janairu na 2022 yana da shekara 92. Mai yiwuwa a tambaye mu abin da ya kai malamin Hausa Jamus alhali ga Kano kusa. Dalili shi ne, Jamus ƙasa ce wadda yaƙi ya baje biranenta, saboda haka duk mai son ya nuna jiya a fim bayan 1945, tilas ne ya gina ta da hannunsa, da katako da fenti. A irin wannan hali ne nauyin da ke kan mai wannan sana'a yake fitowa fili, kuma za mu nuna can gaba cewa mu ma mun doshi irin wannan hali, ko da yake ba bam ne ya kai mu ba.

Sai batun suna. 'Yan fim namu sukan ce mai tsara ɗaki. Wannan suna ya yi kaɗan, domin aikin ya wuce ɗaki: ya haɗa da titi da kasuwa da jirgi da daji, da duk abin da kyamara za ta gani in an ɗebe ɗan wasa da suturarsa. Jamusawa sun daɗe suna kiran irin wannan mutum Filmarchitekt, watau maginin fim. Mu a nan za mu riƙa cewa mai tsara fage, wani lokaci kuma magini, mu kira abin da ya gina fage.

Ra'ayin da za mu kare guda ɗaya ne. Mai kallo yakan yi shakkar maganar ɗan wasa, domin ya san haddace ta aka yi, amma ba ya shakkar bango. Abin da ya gani a jikin bango yakan ɗauke shi gaskiya ba tare da ya tuhume shi ba. Ke nan fage shaida ne a gaban mai kallo, kuma kamar kowane shaida, yana iya faɗin gaskiya, yana iya yin zur, kuma gwargwadon gwanintar magini, gwargwadon yadda za a yarda da shaidarsa, ko wace iri ce.

2.0 Ƙasar da ya tarar

Zehetbauer yana da shekara 16 aka gama Yaƙin Duniya na Biyu. Fim na farko da Jamusawa suka yi bayan yaƙin shi ne Die Mörder sind unter uns, watau "Masu Kisan Suna Cikinmu", na Wolfgang Staudte, wanda ya fito a watan Oktoba na 1946 daga kamfanin DEFA na ɓangaren gabas. An ɗauki wasu sassansa a cikin kangayen Balin na gaske, wasu kuma an gina su a sutudiyo. Ɗaya daga cikin maginan fim ɗin shi ne Otto Hunte. Wannan Hunte shi ne yana cikin waɗanda suka gina birnin Metropolis a 1927, kuma shi ne dai ya tsara fagen Jud Süß a 1940, fim ɗin da gwamnatin Hitila ta sa aka yi domin cusa ƙiyayyar Yahudawa. Hannu ɗaya ke nan, cikin shekara shida, ya gina wa masu laifi ɗaki, ya kuma gina wa masu tuhumarsu. Wannan ita ce sana'ar da yaron Munik ya tarar sa'ad da ya shiga ma'aikatar fim ta Bavaria a Geiselgasteig, a matsayin mataimaki, a ƙarshen shekarun 1940: sana'a mai zurfin gwaninta wadda ba ta cika tambayar wa take yi wa gini ba.

Ba a daɗe ba masu kallo a Jamus ta Yamma suka gaji da ganin kango. Suna fita daga silima su tarar da shi a ƙofa, don me za su biya kuɗi su gan shi a allo? Sai aka koma finafinan ƙauye da dazuzzuka da tsaunuka, irin su Schwarzwaldmädel na 1950 da Grün ist die Heide na 1951, inda ko taga ɗaya ba ta fashe ba. A gefe guda kuma aka fara wasu finafinai masu komawa zamanin yaƙin, suna neman Bajamushe nagari a cikin kakin soja. A nan ne sunan Zehetbauer ya fara fitowa, a Canaris na 1954, tarihin shugaban leƙen asirin soja wanda 'yan Nazi suka rataye a watan Afrilu na 1945. Masu nazari da dama suna ganin fim ɗin ya wanke mutumin fiye da yadda tarihi ya wanke shi, amma ba a nan za mu tsaya ba.

3.0 Shaidar zur

Fim ɗin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne Nachts, wenn der Teufel kam, watau "Da Dare, Sa'ad da Shaiɗan Ya Zo", na 1957. Robert Siodmak ne ya ba da umarni, mutumin da ya gudu daga Jamus a zamanin Hitila, ya yi suna a Holiwud, sa'an nan ya komo. Labarin yana faruwa ne a 1944. An kashe wata mace a Hamburg, an kama wani ƙaramin ɗan jam'iyya da laifin, sai wani ɗan sanda ya gano cewa mai kisan na ainihi wani ne mai raunin hankali, Bruno Lüdke, wanda ya daɗe yana kashe mata ba a sani ba. Manyan rundunar SS suka fara murna da kama shi, daga baya suka ga tona zancen zai nuna gazawar gwamnati, sai suka binne shi, suka bar marar laifi ya halaka, suka tura ɗan sandan bakin daga.

Aikin Zehetbauer a wannan fim, tare da abokin aikinsa Gottfried Will, ya samu lambar yabo ta ƙasa, kuma ya cancanta. Ɗakunan talakawa ƙuntatattu ne, rufinsu a ƙasa-ƙasa, matakalarsu duhu, kayan ciki duk sun ji jiki, irin na shekara ta biyar da fara yaƙi, lokacin da ba a sayen sabo sai gyaran tsoho. Wuraren manyan SS kuwa faɗi gare su da tsabta da haske. Tun kafin wani ya buɗe baki mai kallo ya san wanda yake da iko da wanda ba shi da shi. Ba abin da ya fi wannan wuya a sana'ar: a gina sabon bango jiya, a sa shi ya yi kama da wanda aka jingina da shi shekara talatin.

To, amma ga inda gizo yake saƙa. Bruno Lüdke mutum ne na gaske, ɗan unguwar Köpenick ta Balin. An kama shi a 1943, aka ɗora masa kisan mutum fiye da hamsin, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, ya mutu a tsare a Biyana a 1944. A cikin shekarun 1990 wani tsohon babban ɗan sanda na ƙasar Holan, Jan Blaauw, ya bi takardun binciken ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa amsa laifin da Lüdke ya yi cusa masa aka yi a baki, kuma ba wata hujja da ta tabbatar da ya kashe ko mutum ɗaya. Mario Adorf, ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, wanda kuma wannan fim ne ya ɗaukaka shi, ya fito fili yana tsufa ya nuna nadamarsa, kuma da sa hannunsa aka kafa wa Lüdke dutsen tunawa a Köpenick a 2021, a matsayin wanda 'yan Nazi suka zalunta.

Ba mu ce magini ne ya ƙaga ƙaryar ba. Labarin daga takardun 'yan sandan Nazi ya fito, ya bi ta wata mujalla ta Munik, ya iso hannun marubucin fim. Abin da muke cewa shi ne, in da fagen ya yi rauni, in da bangon ya nuna kwali ne, da ƙaryar ba ta yi tsawon rai haka ba. Jamusawan 1957 sun ga matakala irin ta gidansu, da fitila irin tasu, da mashaya irin wadda suka sani, suka ce lalle wanda ya san waɗannan ya san sauran. Gaskiyar ƙananan abubuwa ita ta tsaya wa babbar ƙarya. Fim ɗin da aka yi domin a tona zaluncin gwamnatin Hitila, shi ne ya ƙara wa ɗaya daga cikin zalunce-zaluncenta shekara kusan arba'in.

4.0 Dutsen guga, madubi da titi

Kafin mu ci gaba bari mu ɗan ratse, domin akwai abin da zai yi wa 'yan fim namu daɗi. A 1966 gidan talabijin na Jamus ta Yamma ya nuna Raumpatrouille, wasa mai kashi bakwai a kan jirgin sararin samaniya. Kuɗi ba su da yawa. Zehetbauer ya gina ɗakin tuƙin jirgin, ya kafa dutsen guga na lantarki a tsakiyar allon sarrafawa, ya jera abin fiƙe fensir da kawunan famfo na banɗaki a matsayin maɓallai. Har yau Jamusawa suna dariyar wannan dutsen guga, dariyar ƙauna. Wanda yake cewa rashin kuɗi ne ya hana shi tsara fage, sai ya nemi wannan wasa ya kalla.

Sunansa ya ƙetare teku da Cabaret na 1972, fim ɗin Amurkawa wanda Bob Fosse ya ɗauka a Jamus, labarin Balin a 1931, gab da hawan Hitila. Fim ɗin ya ci lambar Oscar takwas, ɗaya daga ciki ta tsara fage ce, wadda Zehetbauer ya raba da Jürgen Kiebach da Herbert Strabel. Abin lura shi ne ƙanƙantar gidan rawar da ya gina. Dandamalin ɗan mitsitsi ne, masu rawa suna gogar juna, tebura a cushe, hayaƙin taba ya tokare rufi. Wani magini da ya samu kuɗin Amurka da fada zai gina. A jikin bangon dandamalin akwai wani madubi mai karkatar da fuska. Da shi aka buɗe fim ɗin, ana ganin 'yan kallo a cikinsa a murguɗe, da shi kuma aka rufe, amma a wannan karo kakin 'yan Nazi da tambarinsu sun bayyana a kujerun gaba. Abin da littafin tarihi zai ci babi guda yana bayani, madubi ɗaya ya faɗe shi. A ganinmu wannan ita ce shaida mafi tsabta da Zehetbauer ya taɓa bayarwa, domin madubin da kansa yana gaya wa mai kallo cewa abin da yake gani a karkace yake.

Bayan shekara biyar aka ba shi abin da bai samu ba a Cabaret, watau fili da kuɗi. Ingmar Bergman ya bar Suwidin a 1976 saboda rigimar haraji, ya zauna a Munik, Dino De Laurentiis ya ɗauki nauyin fim ɗinsa The Serpent's Egg na 1977, labarin Balin a watan Nuwamba na 1923, lokacin da kuɗin Jamus ya zama takarda. Zehetbauer ya gina titi sukutum a filin Bavaria, da benaye da kantuna da layin jirgin cikin gari. Titin ya yi kyau har Fassbinder ya sake amfani da shi a Berlin Alexanderplatz a 1980. Fim ɗin Bergman kuwa bai yi armashi ba, kuma muna ganin titin yana da hannu a ciki. Bergman gwanin fuska ne, mutum biyu a ɗaki ɗaya sun ishe shi. Da aka ba shi titi, sai kyamararsa ta ja da baya domin a ga abin da aka kashe wa kuɗi, mutane suka ƙanƙance. Yunwa da tsoron 1923 suka koma abin sha'awa, kamar kayan gidan tarihi da aka goge aka jera.

5.0 Jirgi mai nutso

Aikin da aka fi sanin Zehetbauer da shi a ƙasarsu shi ne Das Boot na Wolfgang Petersen, 1981, wanda aka ciro daga littafin Lothar-Günther Buchheim na 1973. Labarin jirgin yaƙi ne mai nutso, U-96, da mutum kimanin hamsin da ke cikinsa, a tekun Atlantika a 1941. An kashe wa fim ɗin fiye da mak miliyan 30, kuɗin da ba a saba kashewa ba a Jamus a lokacin.

Dabarar da aka saba ita ce a gina ɗaki mai bango uku, ko mai bangon da ake zarewa, domin kyamara da fitilu su samu wuri. Zehetbauer da mataimakansa, cikinsu har da Götz Weidner, sun ƙi wannan sauƙi. Sun gina cikin jirgin da ƙarfe daidai girmansa na ainihi, bututu mai tsawon kusan mita 55, da injuna da bututai da ma'aunai da gadaje, aka ɗora shi a kan wani dandamali mai jijjiga shi yana karkata shi. Mai ɗaukar hoto, Jost Vacano, tilas ta sa ya rungumi kyamara a hannu, da wata na'ura da ke hana ta rawa, yana bin 'yan wasa a guje ta cikin ƙananan ƙofofi masu kamar bakin randa. Abinci a rataye ko'ina, burodi yana funfuna, banɗaki ɗaya ga kowa domin na biyun an cika shi da guzuri. An hana 'yan wasan shiga rana domin fatarsu ta koɗe. A nan fage ya daina zama abin da ke bayan ɗan wasa, ya zama abin da yake bugun kafaɗarsa. Wanda ya sunkuya a Das Boot ba kwaikwayon sunkuyawa yake yi ba, in ya miƙe ƙarfe ne zai fasa masa kai.

Mun taɓa nuna wa ɗalibanmu wani sashe na wannan fim a cikin watan Afrilu, a aji mai rufin kwano, tagogi a rufe saboda haske. Sashen shi ne inda jirgin ya nutse ya kwanta a ƙasan teku kusa da Jibraltar, iska tana ƙarewa. Ba wanda yake jin Jamusanci a cikinsu. Da aka gama, wani ɗalibi ɗan gidan masunta daga bakin kogin Wudil, wanda ya san abin da ake nufi da ruwa ya rufe kan mutum, ya tashi ya buɗe taga bai nemi izini ba. Ba mu taɓa samun sharhin da ya fi wannan ba.

Amma a nan ma sai mu tambayi shaida: me ka gani, me kuma ba ka gani ba? Bututun ƙarfen nan ba shi da taga. Wanda aka kulle a cikinsa awa biyu da rabi tare da waɗannan samari, yana jin tsoronsu, yana shaƙar warinsu, ba shi da zaɓi sai ya so su tsira. Waɗanda suke harba wa makami ba a ganinsu, sai sau ɗaya, sa'ad da jirgin ya taso ya tarar da tankar mai tana ci da wuta, mutane suna faɗawa ruwa suna iyo suna nufo su, kyaftin ya ba da umarni a ja da baya. Gwamnatin da ta aiko su kuwa, hafsa ɗaya ne kawai a cikin jirgin yake ɗaukar aƙidarta da gaske, shi ma abin dariya aka mai da shi. Gaskiya ne cikin mutum kimanin 40,000 da suka yi aiki a irin waɗannan jirage, kusan 30,000 ba su komo ba, kuma wahalarsu ta cancanci a nuna ta. Sai dai bangon da ya sa muka ji wahalar, shi ne kuma ya kare mana ganin dalilin yaƙin. Buchheim da kansa, wanda ya shiga irin wannan jirgi a matsayin ɗan jarida na soja, ya soki fim ɗin bayan fitowarsa. Ba za mu kira wannan shaidar zur ba kamar ta 1957. Shaida ce ta wanda ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, amma an zaunar da shi a inda ba zai ga sauran ba, kuma shi ya gina wurin zaman.

A daidai waɗannan shekaru yana aiki da Rainer Werner Fassbinder, wanda yake kusan kishiyar Petersen ne. A Die Sehnsucht der Veronika Voss na 1982, labarin tsohuwar tauraruwar fim ta zamanin Hitila wadda wata likita ta mallake ta da allurar morfin a Munik ta 1955, Zehetbauer ya yi gidan likitar fari fat: bango fari, kujeru farare, labule fari, har ido yana ƙuna. Ba likitar da ta taɓa zama a irin wannan gida, kuma ba a so mai kallo ya zaci akwai. Farin nan shi ne Jamus ta Yamma da ta yi wa kanta farar ƙasa bayan yaƙi, ana kashe mutane a hankali a cikin tsabta, ciki har da wasu tsofaffi biyu, mata da miji, waɗanda mijin ya tsira daga sansanin Treblinka. A Querelle, fim ɗin Fassbinder na ƙarshe kafin rasuwarsa a watan Yuni na 1982, tashar jiragen ruwa ce sukutum a cikin sutudiyo, a ƙarƙashin sararin sama na fenti mai ruwan goro wanda ranarsa ba ta faɗuwa. Irin wannan fage ba ya yaudarar kowa, tun daga ƙofa yake cewa gina ni aka yi, ga kuma abin da maginina yake nufi. Mun fi amincewa da shi.

Abin da ya biyo baya ba zai tsayar da mu ba. Die unendliche Geschichte na 1984 ya yi kasuwa a duniya, yara sun so shi, marubucin littafin kuwa, Michael Ende, ya nesanta kansa da fim ɗin a fili, yana ganin an mai da duniyar tunaninsa kayan ƙyalƙyali. Zehetbauer ya ci gaba da aiki har zuwa Comedian Harmonists a 1997 da Luther a 2003, da gwaninta wadda ba ta ragu ba, amma ba mu ga ya sake yin abin da ya kai madubin nan ko farin gidan nan ba.

6.0 Mu kuma fa?

A 1976 Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Labarin na ƙarshen ƙarni na 19 ne, daga Kagara zuwa Kano zuwa hamada zuwa Tarabulus. Wanda ya so nuna wancan zamani a 1976 yana iya samun zaure da soro da lungu na ƙasa a tsaye a garuruwa da yawa. Wanda zai sake yin fim ɗin yau, duk inda ya juya kyamara sai ya ci karo da bulo da kwano da wayar lantarki da tankin roba. Abin da bam ya yi wa Balin cikin 'yan shekaru, siminti da damina da rashin yaɓe suna yi wa biranenmu a hankali. Ganuwar Kano kanta shaida ce. Nan gaba kaɗan yaron da bai taɓa shiga soro mai daurin guga ba, a fim zai fara ganinsa, kuma abin da magini ya nuna masa shi zai ɗauka tarihi.

Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan bidiyo na Hausa a gidajen aro suka girma. Ba mu da ma'aikata irin Bavaria, kuma ƙauyen fim da Gwamnatin Tarayya ta yi shirin ginawa a Kofa a 2016 an janye shi bayan sukar da ya sha. Sakamakon zaman aro shi ne falo ɗaya, da kujerun leda da labule mai nauyi, yau na ɗan kasuwar Kwari ne, gobe na kwamishina, jibi na malamin jami'a, alhali duk wanda ya shiga gidajen waɗannan mutum uku ya san ba su kama da juna. Ɗakin talaka kuwa sai a kwashe kaya a shimfiɗa tabarma sabuwa fil, kamar talauci rashin kaya ne kawai. Ɗakin talaka a cike yake: ƙwarya mai ɗinki, bokiti mai faci, kalandar shekarar da ta wuce, buhun da aka mai da labule. Zauren almajirai ba baƙin hayaƙi a azararsa, allunan kuma ba wanda aka taɓa wankewa.

Wannan duka sakaci ne, ana iya gyara shi ko da dabarar dutsen guga. Abin da ya fi damunmu shi ne inda fagenmu yake yanke hukunci. Mai maganin gargajiya ba ya fitowa sai a kogo, da jan ƙyalle da ƙahoni da ƙwarangwal, alhali wanda muka sani a kasuwa yana zaune ne a rumfa da ƙullin sassaƙe a gabansa. Mutumin ƙauye ba ya fitowa sai cikin ƙazanta, alhali tsakar gidan ƙauye da aka share da asuba ta fi titin birni tsabta. Bamaguje da Bafillatanin daji da bazawara mai zaman kanta, kowannensu an riga an gina masa ɗakin da zai kama shi da laifi kafin ya yi magana. Yaran da suke kallo ba za su tuhumi bangon ba, kamar yadda Jamusawan 1957 ba su tuhumi matakalar da Bruno Lüdke ya hau ba.

Ba gwanaye muka rasa ba. Ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yanzu tana da magina masu sanin tubali da azara da makuba, tana kuma da tsofaffin mata waɗanda in an nuna musu jere za su faɗi zamanin da aka yi auren, ko na ƙwarya ne, ko na tasa, ko na langa, ko na tangaran a cikin kabad. Ba mu ga ana kiransu wurin ɗaukar fim ba. A zangon karatun da ya wuce mun sa ɗalibanmu kowa ya je ɗakin kakarsa ya rubuta duk abin da ke ciki, da sunansa, da inda aka ajiye shi, da yadda ya tsufa. Wata ɗaliba daga wani ƙauye a hayin gadar Wudil ta kawo shafi huɗu. A ciki akwai gado mai rumfa wanda aka tokare ƙafarsa ɗaya da dutsen niƙa, da fitilar ƙwai wadda aka liƙe tsagar gilashinta da takardar sabulu, da wani faifai da kakar ta hana kowa taɓawa domin uwarta ce ta saƙa shi. Abubuwa bakwai a cikin jerin, ita kanta ɗalibar sai da ta tambayi sunansu.